Karatun digiri na biyu kan shatar jiragen ruwa da yanke rigimomin teku: abin da ya ƙunsa da inda ake yin sa

Nijar ba ta da gaɓar teku, amma mafi yawan shinkafa, sukari, man girki, taki da kayan gyaran motoci da ake sayarwa a kasuwannin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa sun ratso teku kafin su hau babbar mota. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da kasuwanci da ci gaba, CNUCED, ta ƙiyasta cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya, idan aka auna da nauyi, jiragen ruwa ne ke ɗaukar su. Kowane jirgi yana tafiya ne bisa yarjejeniya rubutacciya, kuma idan aka samu saɓani, yarjejeniyar ce ke faɗin wanda zai biya da wurin da za a yi shari'a. Akwai fannin karatu na musamman da ke koyar da rubuta waɗannan takardu, da karanta su, da kare haƙƙi a kansu. Ana yin sa ne bayan lisansi, a matakin digiri na biyu da aka fi sani da masta.

Mene ne shatar jirgi

Duk wanda ya taɓa ɗaukar shatar mota daga Kwanni zuwa Agadas ya san tushen maganar: akwai mai abin hawa, akwai mai kaya, akwai dillali a tsakani, sannan akwai kuɗin kwana idan mota ta tsaya tana jiran a sauke. A teku ma haka ne, sai dai kuɗin ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma kowane sharaɗi a rubuce yake.

Shata iri uku ce. Ta farko ita ce shatar tafiya ɗaya. Mai jirgi yana ɗaukar nauyin kai kaya daga wata tasha zuwa wata, misali shinkafa daga Indiya ko Tailan zuwa Lome, ana biyansa a kan kowane tan. Mai, albashin ma'aikata da gyara duk a wuyansa suke. Ta biyu ita ce shatar lokaci: ana hayar jirgi da ma'aikatansa na wasu watanni ko shekaru, ana lissafin kuɗi a kan kowace rana, kuma galibi ana biyan na kwana 15 tun kafin su zo. A nan mai shata ne ke sayen mai, shi ne kuma ke faɗin inda jirgi zai nufa. Idan inji ya lalace jirgi ya tsaya, kuɗin haya ma yana tsayawa bisa sharuɗɗan da aka rubuta. Ta uku ita ce shatar jirgi tsurarsa, ba matuƙi ba ma'aikata. Wanda ya ɗauka shi ne zai zuba mutanensa, ya riƙe jirgin kamar nasa har wa'adi ya cika.

Ba a cika rubuta yarjejeniyar daga farko ba. Akwai takardun da aka riga aka tsara, ana cika su ana kuma gyara layukan da ba a yarda da su ba. Ƙungiyar BIMCO, wadda aka kafa a birnin Kopanhagen na Danmak a 1905, ita ce ta fi fitar da su. Takardarta mai suna GENCON, ta shatar tafiya ɗaya, ta fara fitowa a 1922, an sake ta a 1976, 1994 da 2022. A shatar lokaci, takardar NYPE ce ta fi yaɗuwa. Masu jigilar hatsi daga tashoshin Faransa suna amfani da SYNACOMEX, jiragen dakon ɗanyen mai kuma sau da yawa da ASBATANKVOY. Dillalin da ya haɗa cinikin yana karɓar la'ada, wadda bisa al'ada kashi 1,25 cikin 100 ce na kuɗin dakon.

Inda rigima ta fi tashi

Babbar hanyar saɓani a shatar tafiya ɗaya ita ce lissafin kwanakin lodi da sauke. Idan jirgi ya iso, matuƙinsa yana miƙa sanarwar cewa a shirye yake, daga nan agogo ya fara. Yarjejeniya ce ke faɗin ko za a cire ranakun Lahadi, ko Juma'a a wasu ƙasashen Musulmi, da ranakun hutu, da sa'o'in da ruwan sama ya hana aiki. Idan kwanakin suka ƙare ba a gama ba, sai kuɗin jinkiri ya hau, wanda masu aikin taranzit ke kira siristari.

Ga misali don fahimta kawai. A ce jirgi ya kawo tan 25.000 na shinkafa, an yi sharaɗin sauke tan 2.500 a rana, wato kwana 10 ke nan. Cunkoso da ƙarancin motoci suka sa aka kwashe kwana 16. Idan kuɗin jinkiri dalar Amurka 15.000 ne a rana, kwana shida sun zama 90.000, wato sefa miliyan 54 idan aka lissafa dalar Amurka a kan sefa 600. A dokar Ingila, da zarar jinkiri ya fara, kuɗin yana ci gaba da hawa dare da rana har ranar hutu, sai fa idan an rubuta akasin haka. Idan kuma aka gama kafin lokaci, wasu yarjejeniyoyin suna sa mai jirgi ya ba mai shata tukuici, wanda galibi rabin kuɗin jinkiri ne. Duk wannan lissafi daga ƙarshe yana shiga cikin farashin buhu.

Hanya ta biyu ita ce ɓarna ko raguwar kaya: buhunan da suka jiƙe, suka yage ko suka kasa cika adadi. Irin wannan ƙara a kan shinkafar buhu sananniya ce a tashoshin Afirka ta Yamma. A nan takardar lodi ce ke magana, wadda ake kira konesman da Faransanci. Ita ce rasitin kaya, ita ce shaidar yarjejeniyar dako, kuma wanda ke riƙe da ita shi ke da ikon karɓar kayan. Dokokin ƙasa da ƙasa da ke kula da ita sun bambanta. Ƙa'idojin La Haye na 1924 da gyaransu na Visby na 1968 sun ba mai kaya shekara ɗaya kacal ya shigar da ƙara, kuma idan ɓarnar ba ta fito fili ba, kwana uku ne na sanar da mai dako. Ƙa'idojin Hambug na 1978 sun ba da shekara biyu da kwana 15, sun kuma ɗaga iyakar diyya. Ƙa'idojin Rotadam na 2008, waɗanda Nijar ta sa wa hannu a 2009, suna buƙatar ƙasashe 20 su tabbatar da su kafin su fara aiki. Wanda bai san ƙa'idar da ta shafi takardarsa ba yana iya rasa haƙƙinsa saboda wa'adi kawai, ko da gaskiya na hannunsa.

Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar asarar haɗin gwiwa: idan aka yi kashe kuɗi ko aka sadaukar da wani abu don ceton jirgi da kayansa, kowa da ke da kaya a ciki sai ya ba da kasonsa, ko da kayansa ba su taɓu ba. An yi amfani da ita lokacin da jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez na kwana shida a watan Maris na 2021. Ɗan kasuwar da ba shi da inshora sai ya ajiye jingina kafin a sakar masa kwantenarsa.

Yadda ake yanke hukunci ba a kotu ba

Mafi yawan yarjejeniyoyin shata suna ɗauke da layin da ke cewa idan rigima ta tashi ba za a je kotun ƙasa ba, za a kai ta gaban alƙalan da ɓangarorin suka zaɓa da kansu. Shi ne abin da ake kira arbitiraj. Ya bambanta da sulhu: mai sulhu yana kusanta mutane ne kawai, amma zaɓaɓɓen alƙali yana yanke hukuncin da ya zama dole. Ƴan kasuwar teku sun fi son wannan hanya saboda alƙalan sun san sana'ar, zaman na sirri ne, kuma hukuncin yana tsallaka iyakar ƙasashe.

Landan ce cibiyar wannan aiki. Ƙungiyar zaɓaɓɓun alƙalan teku ta birnin, LMAA, an kafa ta a 1960, kuma a ƙarƙashin ƙa'idojinta ake yanke mafi yawan irin waɗannan rigimomi na duniya. Bisa tsarin da aka saba, mai ƙara yana naɗa alƙali ɗaya, ɗaya ɓangaren yana da kwana 14 ya naɗa nasa, su biyun su zaɓi na uku. Wanda ya yi sakaci da wa'adin, alƙalin abokin hamayyarsa na iya zama shi kaɗai a kan shari'ar. Galibin ƙararrakin ana yanke su ne da takardu kawai, ba tare da kowa ya je Landan ba. Ƙananan ƙararraki da ba su wuce dalar Amurka 100.000 ba suna da gajeruwar hanya mai alƙali ɗaya. Bayan Landan akwai SMA ta New York da aka kafa a 1963, da SCMA ta Singafo, da zauren arbitiraj na teku na birnin Paris, wanda ƙasashen da ke aiki da Faransanci suka fi sani.

Dokar Ingila ta 1996 ta bar ƙofar ɗaukaka ƙara a kan kuskuren fassarar doka, amma sai kotu ta ba da izini, kuma cikin kwana 28. Shari'ar jirgin Achilleas, wadda ake koyarwa a kusan kowace makarantar wannan fanni, ta bi wannan ƙofa. Masu shata sun makara kwana tara wajen mayar da jirgin a 2004, lamarin da ya sa mai jirgi ya rage dalar Amurka 8.000 a rana daga sabuwar hayar da ya riga ya ƙulla. Zaɓaɓɓun alƙalai, da rinjayen biyu cikin uku, sun ba shi fiye da dalar Amurka miliyan 1,3. A 2008 kotun ƙoli ta Majalisar Dattawan Ingila ta rushe wannan, ta ce haƙƙinsa na kwana taran ne kawai, kimanin 158.000.

Abin da ke ba hukuncin ƙarfi shi ne yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ƙasashe fiye da 170 suka shiga, Nijar kuma ta shiga tun 1964. Ma'anarta, hukuncin da aka yanke a Landan ko Paris ana iya kawo shi gaban alƙali a Yamai a nemi zartar da shi a kan dukiyar wanda aka kayar, kuma alƙalin ba zai sake sauraren shari'ar daga tushe ba. Dalilan ƙin amincewa ƴan kaɗan ne, kamar rashin ingancin yarjejeniyar, ko rashin sanar da wanda ake ƙara, ko saɓa wa tsarin jama'a na ƙasar.

A cikin yankin, Nijar na cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta OHADA, wadda aka kafa a Port-Louis a ranar 17 ga Oktoban 1993. Dokarta ta arbitiraj ta fito a 1999, an sabunta ta a 2017, kotunta ta CCJA kuma tana Abijan. A ƙarƙashin wannan doka ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncin, sai dai a nemi soke shi bisa dalilai ƙayyadaddu. OHADA tana da dokar jigilar kaya ta mota tun 2003, amma ba ta da ta jigilar teku. A Yamai akwai cibiyar sulhu da arbitiraj ta CMAN da ke ƙarƙashin zauren ƴan kasuwa.

Abin da ya haɗa Nijar da wannan fanni

Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, a sashe na 125, ta tabbatar wa ƙasashe marasa gaɓa ƴancin isa teku da ratsa ƙasashen maƙwabta, amma ta bar sharuɗɗan ratsawar ga yarjejeniya tsakanin ƙasashen. Shekara da shekaru tashar Kwatano, mai nisan fiye da kilomita 1.000 daga Yamai, ita ce babbar ƙofar shigo da kaya da fitar da yuraniyom. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Gaya da Malanbil, kaya da yawa sun koma tashar Lome, suna biyowa ta Burkina Faso. Duk sauyin tasha irin wannan yana tayar da tambayoyin da ake koyarwa a aji: wa ke da ikon juya jirgi, wa zai biya ƙarin hanya, wa zai ɗauki kuɗin kwanan kwantenonin da suka maƙale.

Ga kuma man fetur. Bututun da ya taso daga Agadem zuwa Seme a gaɓar Benin, mai tsawon kusan kilomita 2.000, ya fara cika jirgin dako na farko a watan Mayun 2024. Kowane jirgin da ya zo ɗaukar ɗanyen man yana zuwa ne da yarjejeniyar shata, da wa'adin lodi, da kuɗin jinkiri. Hukumar CNUT mai kare masu amfani da sufuri, kamfanin mai na SONIDEP, bankuna, kamfanonin inshora, ofisoshin taranzit da manyan ƴan kasuwa masu shigo da kaya duk suna mu'amala da irin waɗannan takardu.

Ƙaramin ɗan kasuwa ma bai tsira ba. Idan ya sayi kaso na kayan da ke cikin jirgin shata, takardar lodinsa tana iya ɗauke da ɗan gajeren layi da ke cewa duk sharuɗɗan shatar, har da na arbitiraj, sun hau kansa. Da wannan layi, mutumin da bai taɓa ganin yarjejeniyar ba yana iya samun kansa da shari'a a Landan, da Turanci. Haka nan zaɓi tsakanin sayen kaya FOB, inda mai saye ke neman jirgi, da CIF, inda mai sayarwa ke biyan dako da inshora, shi ke nuna wanda ke riƙe da akalar jigilar.

Abin da ake koyarwa

A tsarin LMD da jami'o'in Nijar ke bi, masta shekara biyu ce bayan lisansi ta shekara uku. Ɗalibin wannan fanni yana karanta dokar shata da takardar lodi, ka'idojin saye da sayarwa na Incoterms, biyan kuɗi ta hanyar takardun banki, inshorar kaya da ta jirgi, kame jirgi don bashi, karo da ceto a teku, da tsarin arbitiraj na ƙasa da ƙasa. A gefen kasuwanci akwai tattalin arzikin sufurin teku, nau'o'in jiragen ruwa, da yadda farashin dako ke hawa da sauka, wanda kasuwar Baltic ta Landan ke wallafa alƙalumansa kullum. Makarantu masu kyau suna sa ɗalibi ya lissafa kwanakin sauke daga rahoton tasha na gaske, ya yi gwajin ciniki tsakanin mai jirgi da mai shata, ya kuma tsaya a shari'ar gwaji. Karatun yana ƙarewa da zaman koyon aiki a kamfani da rubuta kundin bincike.

Turanci wajibi ne. Takardun shata, saƙonnin dillalai da hukunce-hukuncen da ake kafa hujja da su kusan duka da shi aka rubuta su, har a makarantun da ke koyarwa da Faransanci. Wanda ya taso da dokar salon Faransa kuma sai ya koyi tunanin dokar Ingila, wadda ta dogara da hukunce-hukuncen da suka gabata fiye da kundin doka.

Inda ake yin karatun

A yankin akwai makarantar kimiyya da fasahar teku ta yanki, ARSTM, da ke Abijan. Tana ƙarƙashin ƙungiyar harkokin teku ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, OMAOC, wadda aka kafa a 1975 kuma Nijar na cikin ƙasashenta marasa gaɓa. Tana da sashen sufurin teku da ke horar da ma'aikatan tashoshi, na taranzit da na kamfanonin jiragen ruwa. Ga masu Turanci akwai jami'ar teku ta yanki da ke Akara a Gana. Makarantar ERSUMA ta OHADA da ke Porto-Novo tana ba da gajerun horo kan arbitiraj da sulhu.

A Faransa, jami'ar Aix-Marseille da cibiyarta ta CDMT, da jami'ar Nantes da cibiyar CDMO, da jami'ar Brest, sun yi suna a dokar teku. Sai dai rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024 ya ƙara wa neman biza wuya. A Birtaniya, jami'o'in Southampton da Swansea suna ba da digiri na biyu na shekara ɗaya, amma da tsada ƙwarai. Hukumar teku ta duniya, OMI, tana da makarantu biyu: jami'ar teku ta duniya da ke Malmo a Suwidin, wadda aka buɗe a 1983, da cibiyar dokar teku ta IMLI da ke Malta, wadda aka kafa a 1988 kuma take ware wa mata rabin gurabenta. Tallafin karatu a waɗannan biyun galibi yana zuwa ne ga ma'aikatan da gwamnati ko ma'aikatarsu ta gabatar. Wanda ba zai iya barin aikinsa ba yana iya bin jarrabawar cibiyar dillalan jiragen ruwa ta Landan, ICS, da aka kafa a 1911, yana karatu daga nesa.

Kafin a biya kuɗin makaranta

Tushe mafi dacewa shi ne lisansi a fannin doka, tattalin arziki, gudanarwa ko sufuri, irin waɗanda ake samu a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ta Djibo Hamani ta Tawa. Matambayi ba ya ɓata, don haka ya kamata mai nema ya bincika ko hukumar CAMES ko ma'aikatar ilimi mai zurfi ta amince da takardar shaidar, musamman ta makarantun intanet masu yawan talla. Ya tambayi su wane ne malaman da ko sun taɓa aikin da kansu, ya nemi ganin jadawalin darussa, ya ji inda ɗaliban baya suka yi koyon aiki. Batun tallafin gwamnati kuma a hukumar ANAB ake neman bayaninsa.

Takardar masta ba ta mayar da mutum zaɓaɓɓen alƙali. Ɓangarorin da ke rigima ne ke naɗa wanda suka yarda da shi, kuma galibi suna zaɓar tsofaffin lauyoyi, dillalai ko matuƙan jirgi da suka daɗe a sana'ar. Haka kuma kujerun dillancin shata suna Landan, Janeba, Dubai, Singafo da Atina, ba a Sahel ba. Aikin da ke jiran ɗan Nijar ya fi karkata ga sashen shari'a na banki ko kamfanin inshora, ofishin taranzit, duwan, wakilcin CNUT a tashoshin maƙwabta, kamfanonin mai da ma'adinai, ko ofishin lauya mai ba ƴan kasuwa shawara. Guraben ba su da yawa, amma masu ƙwarewar ma ba su da yawa, kuma duk lokacin da rigima ta tashi babu ɗan gida da ya iya, sai an ɗauki lauyan waje da ke lissafin kuɗinsa a kan kowace sa'a. Amfanin karatun ya fi fitowa tun kafin a sa hannu: a lokacin ne ake iya neman ƙarin kwanakin sauke, a rage kuɗin jinkiri, a kuma yi ciniki a kan birnin da za a yi shari'a da harshen da za a yi ta.